Garmaho da faya-fayen kakanninmu: kada mu bari su lalace

'Yan'uwa ɗalibai na nan Lafia, kafin a tafi hutu ina so mu ɗan waiwayi tarihin garmaho.

Emile Berliner ne ya ƙirƙiro shi a Amurka a 1887. Faifan zamanin da mai juyi 78 ne a minti, ga nauyi, ga saurin fashewa. A 1948 kamfanin Columbia ya fito da babban faifai mai juyi 33, a 1949 kuma RCA ya kawo ƙarami mai juyi 45. A kan faifai kamfanin EMI ya fitar da waƙoƙin Mamman Shata, kafin kaset ya zo ya ture garmaho gefe.

Abin da ke damuna, yawancin faya-fayen nan suna jibge a ɗakunan kakanninmu, zafi yana lanƙwasa su.

Mai son sayen na'urar juya faifai ya lura da abu biyu. Na farko allura: faifan 78 kakkaurar allura yake so, sauran kuwa siririya, in ka haɗa su ka ci faifan. Na biyu, sautin da allura ke ɗaukowa rarrauna ne, kuma tun wurin yanka faifan ake rage kaurinsa. Sai an sa ƙaramar na'urar ƙara ƙarfi tsakaninta da lasifika, ita ke maido da kaurin. In babu ita, kalangu sai ya koma kamar gwangwani.

In kun je gida, ku jera su a tsaye cikin inuwa, ku naɗi sautin a kwamfuta. Wa ke da faifan Shata a gidansu?