Guzurin Alhazai: Daga Bayan Jaki Zuwa Cikin Jirgi

Kafin jirgin sama, Bahaushen da ya yi niyyar aikin hajji sallamar ban kwana yake yi da gida. Hanyar ta bi ta Barno, ta ratsa Wadai da Darfur, ta dangana da Sawakin a gaɓar Bahar Maliya, kuma ana iya shafe shekaru a kanta. Babu buhun da zai ɗauki abincin irin wannan tafiya. Abin da ake fita da shi daga gida na makonnin farko ne kawai. Saura kuwa sai an tsaya an yi ƙwadago ko noma an samu. Da yawa sun tsaya a gonakin auduga na Jazira a Sudan, waɗanda aka buɗe a 1925, suka yi aure, suka hayayyafa, jikokinsu na Sudan har gobe. Agashen da ake sayarwa a titunan Khartum ma daga hannun Hausawa ya fito.

Dabarar haɗa guzuri alhazai a wurin fatake suka gada, masu kora jakuna zuwa Gwanja sayen goro. Ƙa'idar ɗaya ce: a kori ruwa daga abinci, domin laima ita ke kawo ruɓa da nauyi. Gero ake surfawa a daka da kayan yaji ya zama gumba, wadda in an sauka zango sai a dama da ruwa ko nonon Fulanin da aka tarar. Nama a yanyana shi fale-fale, a shanya, a tsoma a labu na tunkuza da yaji, a sake shanyawa, a nuna masa wuta: kilishi ke nan. Ga ƙuliƙuli, ga dakuwar aya, ga kantun riɗi, ga nakiya da ke yin watanni ba ta sauya ba. Matan gida ne injiniyoyin wannan aiki, ko da yake tarihin fatauci bai cika ambatonsu ba.

Jirgin sama ya fara sauka a Kano a 1925, amma sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya shiga harkar hajji. A 1948 Alhaji Mahmud Ɗantata da Alhaji Haruna Kasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash suka kafa kamfanin jigilar alhazai na WAPA, suka fara da manyan motoci, daga baya aka koma sama. Yau daga Kano zuwa Jidda bai wuce kimanin awa 5 ba, kuma a cikin jirgin ma ana raba abinci.

To, me ya hana guzuri mutuwa? Aikinsa ne ya sauya. A da maganin yunwar hanya ne, yanzu kuwa maganin baƙon abinci ne a masauki. Dattijon da ya shekara sittin yana cin tuwo da miyar kuka ba zai jure mako huɗu a kan shinkafar Larabawa ba. Shi ya sa a sansanin alhazai za a ga Hajiya ta baje jaka tana lissafi: garin kunun tsamiya, yajin daddawa a ƙulle cikin leda biyu, dambun nama a roba, garin rogo. In ma'auni ya nuna kaya sun wuce kilo, sai a fara ciniki da zuciya, a cire atamfa ɗaya a bar yaji.

Abin sha'awa shi ne yadda tsohuwar ƙa'idar fatake ta dace da dokar zamani. Tun 2006, bayan an bankaɗo a Landan wani shirin kai wa jiragen sama hari, aka taƙaita ruwan da fasinja zai shiga da shi jirgi zuwa mililita 100 a kowace kwalba. Kunun zaƙi da fura damammiya da zuma suka zama abin zubarwa a bakin na'urar bincike, yayin da dabino da gyaɗa da busasshiyar aya ke wucewa salin-alin. Su ne kuma suka fi dacewa da ciki a sama. Iskar jirgi busasshiya ce ƙwarai, don haka wanda ya cika cikinsa da kilishi mai gishiri da barkono zai yi ta kiran ma'aikaciyar jirgi ta kawo ruwa.

Inda aka samu saɓani shi ne kan iyaka. Ƙasashen Tarayyar Turai sun hana matafiyi daga waje shiga da nama ko kayan madara, haka ma Amurka tana ƙwace naman da aka ɗauko daga Najeriya, kuma ɗalibai da yawa sun rabu da kilishin da iyaye suka ƙulla musu a hannun jami'an kwastan. Goro, wanda ya gina arzikin Kano, shi ne ya fi shan wahala: Saudiyya ta haramta shiga da shi, kuma hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, wadda aka kafa a 2006, kowace shekara tana jan kunnen maniyyata a kansa a wuraren bita. Duk da haka, kowace shekara sai an samu wanda ya tura 'yan ƙwarori cikin safa.