Zaren Da Ke Tona Asirin Bakteriya

Idan ɗalibin jami'ar KNUST ya ɗebo ruwan rijiya a Ashanti New Town don ya san bakteriyar da ke ciki, madubin likita ba zai ishe shi ba. Da yawansu kamanninsu ɗaya, wasu ma ba sa tsirowa a ɗakin gwaji. Madogararsa wani guntun zaren DNA ne mai haruffa kamar 20, ana ce masa firaima. Tarihinsa nake so mu bi.

A 1977 Carl Woese na jami'ar Illinois ta Amurka ya nuna cewa ana iya gane dangantakar ƙananan halittu daga wani gado da ake kira 16S. Kowace bakteriya tana da shi, haruffansa kusan 1,500. Wasu sassansa kusan iri ɗaya ne ga kowa, sassa 9 kuwa sun bambanta daga jinsi zuwa jinsi. A 1983 sai Kary Mullis ya ƙirƙiro PCR, dabarar kwafe guntun DNA sau miliyoyi. Amma sai an nuna mata mafari da matsaya, kamar yadda malam ke nuna wa almajiri inda zai rubuta a allo. Aikin firaima ke nan. Masana suka ɗora guda biyu, irin su 27F da 1492R, a sassan da ba sa canzawa, suka karanta abin da ke tsakani.

A nan Kumasi, cibiyar KCCR, wadda aka kafa a 1997 da haɗin gwiwar cibiyar Bernhard Nocht ta Jamus, ta yi amfani da PCR wajen tabbatar da gyambon Buruli. A can firaima ta musamman ake sawa, mai farautar ƙwaya ɗaya tak.

Abin da nakan faɗa wa masu saurarona shi ne, sunan "firaima ta kowa" ya ɗan fi ƙarfinta. Daga bakteriyar da aka riga aka karanta aka tsara ta. Harafi ɗaya ya saɓa a bakin zaren, ƙwayar na iya sulalewa, ɗalibi ya rubuta cewa babu ita alhali mutane suna shan ta. Don haka kafin ya saya, ya gwada firaimarsa da rumbun bayanai irin su SILVA. Abin da ya karanto daga rijiyoyinmu kuma ya zuba shi a rumbu, don mai tsara firaimar gobe ya san da zamansu.