Bulala ko Ganga: Gwamnoni Biyu da Boren Hausawa a Bahiya

Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadin 1804 sun cika kasuwanni da kamammu. Da yawa an zuba su a rumada da gandayen sarauta a nan gida, tarihin da ba mu cika son tonawa ba. Wasu kuwa fatake suka gangara da su ta ƙasar Oyo zuwa bakin teku, aka loda su a jirage sai Bahiya, lardin rake da taba a Barazil, wadda a lokacin take hannun Fotugal.

A Mayun 1807 aka tona asirin wani shirin bore da Hausawa suka ƙulla a birnin Salvador na Bahiya. Gwamnan lokacin, Conde da Ponte, mutum ne mai imani da bulala: ya sa aka kashe jagorori, ya hana bayi yawon dare, ya haramta kiɗa da taro. Ba a cika shekara biyu ba, a Janairun 1809, sai ga wani bore a yankin Nazaré.

Conde dos Arcos, wanda ya hau kujerar a 1810, ya bi wata hanyar, kuma a kansa ne ake yawan yin kuskure. Ya bar bayi su yi kiɗansu da rawarsu ranar hutu, ya zargi masu gonaki da barin bayi da yunwa da dukan da ya wuce kima. Mai karanta wannan zai ɗauka ya samu adali. To amma hujjar da shi kansa ya bayar ita ce, idan kowace ƙabila tana taruwa a gindin gangarta, tsohuwar gabar da suka taso da ita daga Afirka ba za ta mutu ba. Ranar da Bahaushe da Bayarabe suka ga kansu 'yan uwa a wahala, ranar Barazil ta shiga uku. Gangar nan makami ce. Da shi da Ponte duk masu gadin bauta ne, saɓaninsu kawai a kan wace dabara ta fi arha.

Bayin ma ba su ruɗu ba. A Fabrairun 1814, a zamanin mai sassaucin, Hausawa suka jagoranci ƙona sansanonin masunta a Itapuã, shi kuma ya aika huɗu ga igiya. Bayan boren 1816 masu rake suka kai ƙararsa fadar sarautar Fotugal da ke Rio, wai shi ya sangarta bayi. Sun manta cewa an tayar wa Ponte ma.

Abin da Arcos ya ji tsoro ya leƙo a daren 24 ga Janairun 1835, ƙarshen Ramadan, lokacin da Musulmi kimanin 600 suka fito titunan Salvador da fararen riguna da layu. Masanin tarihi João José Reis ya nuna cewa mafi yawansu Yarabawa ne, Hausawa 'yan kaɗan, don haka masu kiran abin "jihadin Hausawa" sun yi azarɓaɓi. Duk da haka, cikin malaman da aka tuhuma akwai Dandará, Bahaushe 'yantacce mai sayar da taba, kuma allo da tawada ne suka haɗa shi da sauran. An kashe kusan 70 a fafatawar. A Yunin shekarar majalisar Barazil ta kafa dokar kisa ga duk bawan da ya kashe ubangidansa, bauta kuma ta ci gaba a Barazil har 1888.