Kafin a yaba gudun jirgi, a tambayi abin da yake ci

Jama'a, duk lokacin da aka ɗora hoton sabon jirgin ƙasa a nan, tambayar da nake gani a ƙasa ba ta wuce biyu: nawa ne kuɗin tikiti, kuma awa nawa zai yi a hanya. Ni kuwa tawa daban ce. Me yake ci a kowace kilomita, kuma wa ya auna? Tambayar nan ta kusa shekara 200 a duniya, bari in ba ku tarihinta.

A watan Oktoba na 1829, kamfanin da ke gina layin dogo tsakanin Liverpool da Manchester a Ingila ya shirya gasa a wani wuri da ake kira Rainhill, ya sa kyautar fam 500. Yawanci abin da ake tunawa shi ne kan jirgin nan mai suna Rocket, na George Stephenson da ɗansa Robert, ya yi gudun kusan mil 30 a awa. Amma alƙalan gasar ba gudu kaɗai suka zo kallo ba. An ɗora kowane kan jirgi a sikeli, aka ɗaura masa kaya ninki uku na nauyinsa, aka auna makamashi da ruwan da aka ba shi, sannan ya yi ta kai-komo a kan ɗan gajeren layi har ya cika nisan tafiyar da ke tsakanin biranen biyu. Gasasshen kwal suka ƙona, don sharaɗi ne kada hayaƙi ya dami jama'a. Sans Pareil na Timothy Hackworth ya yi gudu ba laifi, sai dai ya ci makamashi fiye da Rocket nesa ba kusa ba, daga baya kuma ya lalace. Sirrin Rocket bututu 25 ne na tagulla da aka ratsa ta cikin tukunyarsa, zafin wuta na shiga ruwa sosai kafin ya tsere ta bututun hayaƙi. Kun ga ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

To amma auna kwal kawai bai isa ba. Sai ka san aikin da aka yi da shi. Nan aka ƙirƙiro taragon awo, wanda ake saƙalawa tsakanin kan jirgi da sauran taragai. A cikinsa akwai ma'aunin da ke jin ƙarfin jan da kan jirgin ke yi, da alƙalami da ke zana shi a doguwar takarda mai juyawa daidai da tafiyar ƙafafun. Ƙarfin ja da nisan da aka ci su ne aikin da aka yi. In ka raba kwal ɗin da aka ƙona da wannan aiki, ka san ko injin mai tattali ne ko mabarnaci. Charles Babbage, wanda ake kira kakan kwamfuta, ya yi irin wannan gwaji a layin Great Western wajen 1839. Ko tarihin da Mallard ya kafa ranar 3 ga Yuli 1938, na gudun mil 126 a awa, takardar taragon awo ce shaidarsa, kuma taragon na nan a gidan tarihin jiragen ƙasa da ke York.

Gwaji a hanya yana da matsala fa. Yau iska, gobe ruwan sama, wannan direba hannunsa da nauyi, wancan da sauƙi. Shi ya sa a 1891 Jami'ar Purdue a Amurka ta gina ɗaki, aka ɗora kan jirgi a kan manyan gare-gare, yana gudu amma yana wuri ɗaya, ana auna komai a tsanake. Ingila ta yi nata a Swindon a 1904, sannan a Rugby a 1948. Abin da awon ya nuna ba daɗi: injin tururi bai mayar da ko kashi 10 cikin 100 na zafin kwal zuwa aiki, sauran duk iska ke kwashewa. Na dizal kuwa yana kai wajen kashi 30. Wannan lissafi na cikin abin da ya kashe jirgin tururi, komai son da mutane ke masa.

A jirgin lantarki na yau, mita ce ke aikin. Tana auna ƙarfin wutar da yawan da ke shigowa, ta fitar da lissafi kamar mitar gidanku. Bambancin shi ne tana ƙirga shiga da fita, domin in jirgi ya taka birki, motocinsa na komawa janareta su mayar da wuta kan layi. Turai ma har ƙa'ida gare su a kan wannan, EN 50463, don jirgin da ke tsallaka iyaka ya biya daidai abin da ya sha. A filin gwaji irin na Velim a ƙasar Cek, ana zagayawa da sabon jirgi da nauyin da ya yi daidai da na fasinja, a ware abin da tafiya ta ci da abin da na'urar sanyaya ɗaki da fitilu suka ci.

Me ya kawo wannan magana? Kun tuna a watan Maris na 2022 jirgin Legas zuwa Ibadan ya tsaya cak a daji da fasinjoji, dizal ya ƙare, sai da aka kawo mai a durom. Jirgin Abuja zuwa Kaduna ma dizal yake sha, ga layin Kano zuwa Maraɗi ana kan ginawa. Kan jirgi guda kan yi shekara 30 yana aiki, kuma duk litar da ya sha fiye da kima, ko dai a kuɗin tikitinku za ta fito ko a baitulmali.

Don haka ina ganin duk kan jirgin da za a kawo mana, a gwada shi a kan layinmu, cikin zafinmu da ƙurarmu, a wallafa lita nawa ya sha da kaya nawa a kilomita nawa. 'Yan jarida da 'yan majalisa su nemi wannan takarda kafin a yanka kirtani. Injiniyoyin da ke cikinmu, ku ƙara mana haske a ƙasa.