Gawayi Mai Tauri Daga Ragowar Tsirrai a Matsayin Anod na Batirin Sodiyom

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin gawayi mai tauri a matsayin anod na batirin sodiyom, ta hanyar kwatanta shi da girafayit. An gano cewa ɗorewarsa ta dogara ga tsaftar kayan da aka ƙona da kuma wutar da ƙonawar ke ci.

Fitilun kalmomi: sodiyom, anod, gawayi mai tauri, adana makamashi

1.0 Gabatarwa

Tun da kamfanin Sony ya fito da batirin lithiyom kasuwa a 1991, shi ne ke ɗauke da wayoyi da motocin lantarki. Sai dai lithiyom bai wuce kashi 0.002 cikin ɗari na ɓawon ƙasa ba, alhali sodiyom ya haura kashi 2. Haka kuma kusan kashi 70 na kobalt ɗin duniya, wanda ake amfani da shi a batirin lithiyom, daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango yake fitowa. Wannan ne ya sa masana suka waiwayi sodiyom.

2.0 Dabarun Bincike

An bi hanyar kwatance, inda aka duba tsarin kowane abu, da yawan cajin da yake riƙewa, da yadda ake sarrafa shi.

3.0 Sakamako da Tattaunawa

Girafayit na iya riƙe lithiyom har 372 mAh/g, amma sodiyom kaɗan ƙwarai yake karɓa, domin haɗinsu ba ya zama daram. Tazarar shimfiɗun girafayit nanomita 0.335 ce, ta gawayi mai tauri kuwa takan kai 0.37 zuwa 0.40. Shimfiɗunsa a hargitse suke, da ƙananan ramuka a tsakani, kuma a nan sodiyom ke samun mazauni. A shekarar 2000 Stevens da Dahn suka nuna cewa gawayin da aka yi daga gulukos yana riƙe kimanin 300 mAh/g.

Ana samun irinsa daga ɓawon kwakwa da na gyaɗa da buntun shinkafa, idan aka ƙona su ba tare da iskar oksijin ba a zafin digiri 1000 zuwa 1500. Matsalar a nan take. Buntun shinkafa cike yake da silika, wadda sai an wanke ta da sinadari. Gawayin da ramukansa suka buɗe da yawa kuma yakan cinye wani kaso na sodiyom a cajin farko, ba ya dawo da shi.

4.0 Kammalawa

Batirin sodiyom da kamfanin CATL ya sanar a 2021 yana ba da 160 Wh/kg, wanda ya wadatar wajen adana wutar sola. Yankunan da ke noman gyaɗa da shinkafa, kamar Arewacin Najeriya, suna da kayan a jibge. Ya kamata bincike ya karkata ga rage zafin ƙonawa da daidaita ingancin gawayin daga wannan damina zuwa wata.