Kalaman Ƙyamar Baƙi a Shafukan Sada Zumunta a Yankunan Kan Iyaka

Ma'anarsu

Kalaman ƙyamar baƙi su ne duk wani rubutu ko hoto ko saƙon murya da ake yaɗawa ta Facebook da WhatsApp da TikTok domin ɗora wa mutanen wata ƙasa baki ɗaya laifin matsalolin da suka dame mu, kamar ta'addancin 'yan bindiga da tsadar abinci. A ƙananan hukumomin Jihar Katsina da ke maƙwabtaka da Jamhuriyar Nijar, irin su Jibiya da Kaita da Mai'adua da Ɓaure, akasari 'yan Nijar ake nufi da su.

Asalin dangantaka

Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata wannan iyaka a farkon ƙarni na 20, suka raba al'umma ɗaya gida biyu. Sarautar Maraɗi ta samo asali daga sarakunan Katsina da suka ƙaura bayan jihadi, shi ya sa ake kiran sarkinta Sarkin Katsina. Akwai auratayya da ciniki tsakaninmu. Haka kuma tun daga 2019 dubban 'yan Nijeriya daga Zamfara da Sakkwato da Katsina suka tsere wa 'yan bindiga zuwa yankin Maraɗi, aka karɓe su.

Irin waɗannan kalamai sukan ƙaru idan dangantaka ta yi tsami, kamar lokacin rufe iyakoki a 2019, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023, wanda ya sa aka rufe iyaka har zuwa Maris 2024.

Abin da doka ta ce

Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta bai wa 'yan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ƙasar juna su zauna har kwana 90 ba tare da biza ba, muddin suna da takardun tafiya. Nijar ta fice daga ƙungiyar a 29 ga Janairu, 2025, amma a lokacin ECOWAS ta umarci ƙasashenta su ci gaba da mutunta wannan dama har sai an sanar da wani mataki. Tantance baƙo aikin Hukumar Shige da Fice ne. Ba wanda doka ta ba izinin korar wani daga gari ko ƙwace dukiyarsa.

Illolinsu

Gaskiya ne ana fasa-ƙwaurin makamai ta ɓarauniyar hanya, kuma akwai miyagu a kowane ɓangare. Sai dai idan aka yi wa kowa kuɗin goro, mai laifi yakan sulale, a far wa ɗan ci-rani ko makiyayin da bai ji ba bai gani ba. Ramuwar gayya kuma kan faɗa wa 'yan'uwanmu da ke zaune a can. Tarihi ya nuna haka: Gana ta kori baƙi a 1969, ciki har da 'yan Nijeriya da yawa, Nijeriya kuma ta kori nata a 1983.

Kira ga jama'a

Muna kira ga jama'a da kada su tura saƙon da ba su san tushensa ba, domin sau da yawa tsohon hoto ne ko na wata ƙasa. Wanda ya ga baƙuwar fuska da bai yarda da ita ba ya sanar da mai unguwa ko dagaci ko 'yan sanda. Hakimai da kansiloli da limamai su gaggauta ƙaryata jita-jita a masallatai da kasuwanni kafin ta zama fitina.