Ajin da Aka Shirya wa Alli, Ya Ƙare da Mulki

A makarantun sakandare na yau, da jarrabawar fita ta ƙarato sai 'yan ajin ƙarshe su zauna su raba wa juna duniya. Gwanin lissafi a ce injiniya ne, mai baki a ba shi lauya, mai son ba da umarni a ce soja, shiru-shiru kuma a ajiye masa likita. A Arewa wannan wasa bai daɗe ba. Shekara ɗari da suka wuce, a makarantar boko mafi girma da yankin yake da ita, tambayar ba ta da armashi, domin an riga an amsa ta tun kafin yaro ya bar gida: duk ajin malaman makaranta za su zama.

Makarantar ita ce Kwalejin Horon Malamai ta Katsina. Ta karɓi ɗalibanta na farko a 1921, Gwamna Hugh Clifford kuma ya buɗe ta a hukumance ranar 5 ga Maris, 1922, zamanin Sarki Muhammadu Dikko. Ba a ɓoye dalilin zaɓen Katsina ba. Gari ne da ya yi suna da ilimi tun zamanin da hasumiyar Gobarau take tashe, sannan yana nesa da layin dogo da hayaniyar 'yan kasuwa. Turawan mulki sun ga abin da boko ya haifar a Legas, lauyoyi da 'yan jarida masu ja da gwamnati, ba su kuma son a maimaita shi a nan. Abin da suke nema shi ne samari masu ladabi, masu Turanci mai kyau, waɗanda za su koma lardunansu su koyar, su durƙusa wa sarki yadda iyayensu suke yi.

Tsarin ya ɗaure yaro ta ko'ina. En'e ce take turo shi, ita ke ɗaukar nauyinsa, ita kuma zai koma ya yi wa aiki bayan shekara biyar. Ginin ƙasa ne, da azara da kauri irin na gidajen sarauta, yana nan har yau an mai da shi gidan adana kayan tarihi. Ana koyar da Turanci da lissafi da tarihi da labarin ƙasa da dabarun koyarwa, ga Larabci da addini a hannun malamai irin su Malam Bello Kagara. An matsa wa lafazin Turanci lamba ƙwarai, shi ya sa daga baya ake gane ɗan Katsina da ya buɗe baki. Da yamma sai kurket, da wasan nan na buga ƙaramar ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, wanda ya zauna a Arewa har yau.

Kowane ɗalibi yana da lamba, kuma lambar ba ta sake komawa kan wani. Mai lamba 87 wani dogon saurayi ne daga Rabah, Ahmadu, wanda ya shiga a 1926 bayan tafiyar kusan mako guda a ƙasa daga Sakkwato. Mai lamba 145 ya zo daga Bauchi a 1928, sunansa Abubakar, ba ɗan sarauta ba ne, ba shi da yawan magana. A zamaninsu akwai Kashim daga Borno, wanda ya riga su shiga da kaɗan, da Abubakar Imam, ƙanen Malam Bello Kagara, da Isa Kaita. Aliyu na Bida yana gabansu. Sa'adu Zungur yana bayansu.

Da za a ce 'yan wancan zamani su yi wa juna hasashe, Ahmadu ne kaɗai za a iya hango wa wani abu da ya wuce aji, shi ma ba don makaranta ba, don jini: jikan gidan Shehu ne ta wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, saboda haka hakimci, ko ma gadon sarautar kanta, ba mafarki ba ne a wurinsa. Sauran kuwa iyakar burin da tsarin ya ba su shi ne hedimasta, ko malami mai zagayen duba makarantu, ko in an yi sa'a ɗan majalisar sarki mai kula da ilimi.

Da farko hasashen ya yi daidai, kamar an auna. Ahmadu ya koyar a Midil ta Sakkwato daga 1931 zuwa 1934, aka naɗa shi hakimin Rabah. A 1938 ya nemi sarautar Sarkin Musulmi, aka ba Abubakar na Uku, shi kuma ya zama Sardauna. Abubakar na Bauchi ya koma Midil ta Bauchi har ya zama hedimasta. Kashim ya koyar a Borno, Aliyu a Bida, Imam da Isa Kaita a Katsina.

Ɓarakar farko ta zo ta inda ba a zata ba, ta hanyar littafi. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara a Zariya ya nemi a rubuta ƙagaggun labarai da Hausa, kuma waɗanda suka amsa kira galibi malamai ne. Daga nan aka sami Ruwan Bagaja na Imam, Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na malamin nan na Bauchi. East ya ga abin da ke hannun Imam, ya jawo shi Zariya, inda ya rubuta Magana Jari Ce. A Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, Imam ne editanta na Hausa. Aikin da ba ya cikin lissafin kowa a 1927, shekarar da ya shiga kwaleji, shi ya sa muryarsa ta kai inda muryar hedimasta ba ta kaiwa. Isa Kaita ma ya bar aji lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya tafi Accra yana watsa labarai da Hausa ta rediyo.

Sa'adu Zungur ya fi su nuna inda tsarin yake da ƙunci. Ya yi fice har aka tura shi Babbar Kwalejin Yaba a 1934, ɗan Arewa na farko da ya shiga can. Bai kammala ba, ya dawo ya koyar da ma'aikatan tsafta a Zariya, sannan rashin lafiya ta mai da shi Bauchi. A can ne a farkon shekarun 1940 ya haɗu da hedimasta Abubakar da wani sabon malami matashi, Aminu Kano, a zauren tattaunawar da ya fara yi wa En'e tambayoyin da ba a saba ji ba. Mutumin da zai iya zama likita ko masanin kimiyya sai ya zama mawaƙin siyasa da sakataren jam'iyyar NCNC, ya rasu a 1958 bai ga 'yancin kai ba.

A nan ne ya kamata a tsaya a faɗi abin da masu yabon kwalejin kan tsallake. Ko bayan da aka faɗaɗa karatunta wajen 1930, aka fara shirya wasu don aikin asibiti da gona da ayyuka, hanyar jami'a a toshe take. Likitan Arewa na farko, Dokta R.A.B. Dikko, ba ta Katsina ya bi ba, ta Wusasa da King's College ta Legas ya bi zuwa Birmingham. Lauyoyin Arewa na farko sai tsakiyar shekarun 1950 suka fito, alhali Kudu ta yi shekaru da dama da nata. 'Ya'ya mata kuwa ba su cikin zancen sam. Wannan giɓi ba ƙaddara ba ce, shiri ne, kuma Arewa ta daɗe tana biyan kuɗinsa.

Sai dai shirin ya juyo kan masu shi. Da tsarin mulkin Richards ya kawo Majalisar Wakilai ta Arewa a Kaduna a 1947, na Macpherson kuma ya kawo ministoci a farkon shekarun 1950, sai aka duba wa zai iya tsayawa ya yi muhawara da Turanci da 'yan Kudu. Babu lauyoyi, kusan babu masu digiri. Malaman nan ne kawai. A Agustan 1950 Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka horar don ya yi wa En'e biyayya, ya miƙe a majalisa ya nemi a binciki tsarin En'e a gyara shi. A shekarar ce Aminu Kano ya ajiye aikin koyarwa a Maru ya rungumi siyasa. Kafin shekara goma ta cika, Ahmadu Bello ya zama Firimiyan Arewa a 1954, Tafawa Ɓalewa ya zama Firayim Ministan Nijeriya a 1957, Aliyu Makaman Bida yana riƙe da kuɗin Arewa, Isa Kaita yana riƙe da ilimi. A 1962 Kashim Ibrahim ya hau kujerar Gwamnan Arewa. Mutanen da suka ci abinci a akushi ɗaya suna zaune a teburin majalisar zartarwa ɗaya, sun san halin juna tun ba wanda ya fara aski da reza. Wannan ya ba gwamnatinsu haɗin kai, ya kuma sa ƙofarta ta yi wa na waje wuyar shiga.

Ita kanta makarantar ba ta zauna wuri ɗaya ba. Ta koma Kaduna a 1938, ta koma Zariya a 1949, sai a 1971 ta sami sunan Barewa. A Zariya ne wata sabuwar amsa ta shigo cikin hirar 'yan ajin ƙarshe, wato soja. A da aikin soja ba abin da ɗan babban gida zai yi tinƙaho da shi ba ne. Amma shugabannin Arewa sun lura cewa yawancin ƙananan sojoji 'yan Arewa ne, hafsoshi kuwa ba su ba ne, sai suka shiga zawarcin ɗalibai. Zakariya Maimalari na cikin na farko da suka je Sandhurst. Kur Muhammad da Abogo Largema da Yakubu Pam suka biyo baya. Yakubu Gowon, ɗan mai wa'azin coci daga Wusasa, gwanin wasanni, ya shiga soja a 1954. Hassan, ɗan Sarkin Katsina Usman Nagogo, ya sa kaki, abin da ya sauya yadda gidajen sarauta ke kallon aikin. Murtala Muhammad ya bi sahu a 1958.

Daren 15 ga Janairu, 1966, ya haɗa zuriyoyin biyu a cikin makoki ɗaya. An kashe Sardauna a Kaduna, aka ɗauke Tafawa Ɓalewa a Legas aka kashe shi. Maimalari da Kur da Largema da Pam duk sun mutu a wannan dare, dukkansu tsofaffin ɗaliban makaranta guda. Wanda ya karɓi Arewa daga hannun Kashim Ibrahim shi ne Hassan Katsina. Bayan wata shida da 'yan kwanaki Gowon ya zama shugaban ƙasa yana ɗan shekara 31, Murtala kuma ya gaje shi a 1975.

Zuriyar Kaduna, wadda ta faɗo tsakanin malaman Katsina da sojojin Zariya, ita ta fi jinkirin cin nata rabon. A 1941 wani yaro daga ƙauyen Shagari, Shehu, ya shiga kwalejin, ya tarar da Aminu Kano yana dab da fita, Waziri Ibrahim na Borno kuma yana gabansa da aji guda. Shehu ya fito ya koyar da kimiyya a Midil ta Sakkwato. Aminu ya koyar a Bauchi da Maru. Waziri ya kauce wa layin, ya shiga kamfanin UAC, ya zama ɗan kasuwa. A zaɓen shugaban ƙasa na 1979 'yan takara biyar ne, uku daga ciki su ne waɗannan: Shagari a NPN, Aminu a PRP, Waziri a GNPP. Aminu ya lashe Kano, Waziri ya lashe Borno, ranar 1 ga Oktoba kuma aka rantsar da malamin kimiyyar a Legas.